Jerin da Ya Fara daga Sani

Ranar Asabar da ta wuce, a 'yar makarantar koyon kwamfuta da jikana Nura ya buɗe a nan Nassarawa ta Kano, aka bai wa 'yan sabon aji aikin da ake fara bai wa kowane ɗan koyo. Ga jerin sunaye an zuba a kwamfuta, a rubuta mata umarni ta faɗi tsawon jerin, wato sunaye nawa ne a ciki. Ni ba malami ba ne a wurin. Kujera ce da ni a gefen taga, sai kofin shayi, sai tsoma baki inda ba a gayyace ni ba. Wani yaro mai suna Fahad, wanda kansa ke ja ƙwarai, ya buga kalma ɗaya tak, amsa ta fito, ya miƙe ƙafa yana hamma.

"Baba, wai wannan ma aiki ne? Ai ko ƙanwata za ta yi shi."

Na ce, "Nawa ta ba ka?"

"Bakwai."

"Bakwai ne mutanen, ko bakwai aka zuba mata?"

Ya dube ni irin duban da ake yi wa tsohon da ya fara ruɗewa. "Ai duk ɗaya ne, Baba."

Ban ji haushi ba, don yaron yana burge ni. Amma kowa ya raina gajere bai taka kunama ba. Na ce su juyo da kujerunsu, abin da na gaya musu kuwa shi ne nake rubutawa a nan.

Na shiga wannan sana'a ana dab da sauke tutar Ingila. Wani kamfanin sayen gyaɗa da fatu ne ya ɗauke ni, ofishinsa a wani tangamemen gida mai itatuwan darbejiya, ba nisa da inda muke yanzu. Aikina huda kati. Katin nan takarda ce mai ƙwari, tsawonta bai wuce tafin hannu da yatsu ba, an yanke mata kusurwa ɗaya don a gane sama da ƙasa. Kana buga harafi a injin hudawa, shi kuma yana fasa 'yan ramuka a jiki. Injinmu ba ya rubuta komai a saman kati, ramuka ne kawai, don haka dole ka koyi karanta su da ido. Da yamma in na koma gida Gawuna, mahaifiyata kan kakkaɓe mini ɓurɓushin takarda daga gashi tana cewa ita ba ta ga bambancin aikina da na gara ba.

Wadda ta koya mini aiki ita ce Madam Rifkatu, Kirista ce 'yar Wusasa ta Zariya, ta girme ni nesa ba kusa ba. Gajeruwa ce, mai tabarau da igiya a wuya, Hausarta kuwa ta fi tawa gishiri. Watannina na farko ba ta bar ni na huda katin gaske ko ɗaya ba. Ɗaukar akwatin kati ta fara koya mini, da hannu biyu, a ƙirji, kamar jariri. Sai jan layi da alƙalami a gicciye bisa gadon bayan katunan, don in tsautsayi ya sa suka zube, layin ya nuna maka mazaunin kowanne. Ranar da na fara zubar da akwati a bakin ƙofa ba ta yi faɗa ba. Kujera ta jawo ta zauna tana cin gyaɗa, ta ce, "Garba, tsince su. Yau za ka san abin da layin nan yake yi." Na kuwa sani.

Duk katin da na huda sai ta sake bugawa a wani inji na tantancewa. In yatsana ya kauce, injin ya cije, ita kuma ta ɗago kai ta saman tabarau. Kallon nan ya fi mini bulala zafi. Damina ce babbar abokiyar gabarmu, don kati yana shan danshi ya kumbura ya maƙale. Shi ya sa ɗakinmu kaɗai ke da na'urar sanyaya ɗaki a duk gidan, shi ya sa kuma masu kawo mana aiki ba sa saurin tafiya. Mai kula da sito ya kawo takardunsa ya tsaya gaisuwa har da tambayar kakanninmu. Shugaban makanikai ya kawo nasa duk baƙin mai, ya rantse lamba uku ce inda kowa ke ganin takwas. Madam ta sallame su da dariya, ta rufe ƙofa.

Bayan samun mulkin kai da wasu shekaru kamfani ya yi hayar kwamfuta ta gaske, girmanta ya kai akwatunan lefe a jere. Wani Bature ya zo daga Ikko ya koya mana rubuta mata umarni, ya koma. To a nan ne maganar tsawon jeri ta shigo. Kwamfutar wancan zamani ba ta da kalmar da Fahad ya buga. In ka miƙa mata katuna ba ta san inda suka ƙare ba, sai ka gaya mata. Hanya biyu ce. Ko ka sa katin kai a gaba, wanda ke cewa katuna kaza na biye, ta karanta daidai adadin ta tsaya. Ko ka sa katin wutsiya a baya, wanda aka cika da lamba tara, ta yi ta karantawa tana ƙirgawa da kanta har ta ci karo da shi. Katin kai ya fi sauƙin rubutawa, shi Baturen ya fi so, mu ma muka saba da shi. Madam ce kawai ke gunaguni, tana cewa katin kai maganar mutum ce, mutum kuwa yana da dalilansa.

Aikin da ba na mantawa ya zo ne a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. Gyaɗa ba ta yi ƙwaya sosai ba, motoci suna zuwa ƙauye suna dawowa rabi. Hedikwata ta aiko a tsuke bakin aljihu ta ko'ina. Kafin nan kuwa kamfani ya yi alkawarin buɗe aji ɗaya na boko a tsohon garejin baya, don 'ya'yan direbobi da masu gadi da kuku-kuku da masu ban ruwan fulawa, waɗanda ke zaune a kwatas. An riga an yi wa garejin farar ƙasa, an samo malami. Manajanmu wani Bature ne da muke kira Mai Lofe, ba mugu ba ne, amma ba ya motsi sai da lissafi. Ya ce in yaran da suka isa shiga makaranta sun cika aji, zai tsaya wa maganar. In ba su cika ba, a bar ta.

Aka sa akawun ma'aikata, Mista Etim, wani mutumin kudu mai tsantseni, ya tattaro bayani. Ya kafa tebur a gindin darbejiya da safe, lokacin da kowa ke nan, yana kiran mutum ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yanka nawa? Sunayensu? Shekarunsu? Abin da aka faɗa masa shi ya rubuta, bai ƙara ba bai rage ba. Takardu suka zo mana, muka huda. Kowane magidanci katinsa shi ne katin kai, da adadin 'ya'yansa a jiki, katunan yaran na biye. Mai huda kati ba ya karatu, ku sani. Ido na kan takarda, yatsu na tafiya, hankali yana can wurin tuwon dare. Na rubuta umarni, kwamfuta ta bi gida gida ta ware waɗanda suka kai shekarun makaranta. Ba su kai goma ba.

Muka sake gudanarwa, amsa ɗaya. Madam ta tantance katunan, babu ramin da ya kauce. Mai Lofe ya duba takardar, ya zuƙi lofensa, ya ce ya yi baƙin ciki, amma ba zai iya kare aji don yara ƙalilan ba. Wasiƙar fasawa za ta tafi Ikko ƙarshen mako.

Washegari da safe na tarar da Malam Ilu yana wanke motar manaja a bakin ƙofa. Direba ne, mutumin wajen Ringim, dogo, mai 'yar furfura a gemu, ba ya magana biyu in ɗaya ta isa. Muka gaisa, na wuce, sai ya kira ni.

"Malam Garba, wai da gaske an fasa ajin nan?"

"Haka ne, Malam Ilu. Yaran ba su cika ba."

Ya daɗe yana matse tsumma, alhali ruwan ya riga ya ƙare a jiki. Can ya ce, idonsa a kan tayar mota, "Akwai dai wani yaro a gidan namu. Uwar ta riga ta ɗinka masa jaka."

Wani yaro a gidan namu. Na san yaron sarai. Lawal ne, ɗan wajen shekara bakwai, wanda ya koyi haruffa daga lambobin motoci, kullum yana tare ni a hanya in gaya masa sunan wanda bai sani ba. Na shiga ɗaki da sauri na zaro katunan gidan Malam Ilu, na ɗaga su ga haske ina karanta ramuka. Katin kai ya ce uku. Na biye: Sani, Salisu, Rabi'u.

Na miƙa wa Madam. Ta karanta, ta fashe da dariya har tabarau ya faɗo kan igiyarsa, sai kuma ta daina dariyar ta dube ni.

"Garba, ka taɓa ganin jerin da ya fara daga Sani? Ina na farin?"

Ku yaran yanzu da iyayenku ke ɗora hotonku a waya tun ranar suna, sai an yi muku bayani. A wancan lokaci, musamman ga mutanen karkara, ɗan fari abin kunya ne ga iyayensa. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, in an tambaye shi 'ya'ya nawa, sai ya tsallake shi ya ƙirga na baya. Ba ƙi ba ne, kara ce, sau da yawa ma shi ne aka fi so. To a tsaida mutum a gindin bishiya, gaban abokan aikinsa da surukansa, a ce ya ambaci ɗan farinsa da baki? Malam Ilu zai gwammace a kore shi daga aiki. Ni da Madam duk mun san wannan tun muna yara, amma ba mu taɓa tunanin al'ada za ta biyo mu har cikin ɗaki mai sanyi ta shiga ramin kati ba.

Muka bi sauran gidajen. Ba kowa ne sunayen 'ya'yansa suka tona shi kamar Malam Ilu ba, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Ga mai gadin da ya yi aure tun kafin in zo kamfanin, wai babban ɗansa bai daɗe da yaye ba. Ga kukun manaja, haka. Ma'aikatan nan yawancinsu matasan magidanta ne, 'ya'yan farinsu su ne daidai shekarun makaranta. Wato waɗanda aka buɗe ajin dominsu su ne aka tsallake. Kwamfuta ba ta yi ƙarya ba, Mista Etim bai yi kuskure ba, iyayen ma a ganinsu ladabi suka yi.

Na ce mu koma mu sake tambayarsu a keɓe. Madam ta ce, "Ko a cikin rijiya ka tambaye shi, uku zai ce maka. Bar ni da su." Da la'asar ta yafa gyalenta, ta saya wa yara alewa, ta shiga kwatas. Ba ta tambayi mace ko ɗaya 'ya'yanta ba. Kowace sai ta tambaye ta 'ya'yan maƙwabciyarta. Nan fa baki ya buɗe. Matar kuku ta lissafa na gidan Ilu tun daga Lawal, har da watan da aka haife shi da wadda ta yanke cibiya. Matar Ilu ta rama mata. Ni ina tsaye a waje, dariyarsu kawai nake jiyowa.

Muka huda sababbin katuna. Wannan karon Madam ta ce a cire adadi daga katin uba ɗungurungum, a sa wa kowane gida katin wutsiya, inji ya ƙirga abin da ya gani. Na sake rubuta umarnin cikin ɗoki. Yara suka haura ashirin.

Mai Lofe ya saurari bayaninmu, ya ce bai gane yadda mutum zai manta da ɗansa ba. Na ce ba mantuwa ba ce, na yi iya ƙoƙarina da Turancina. Ya ce to, ya yarda, amma Ikko ba za ta karɓi maganar maƙwabta ba. Ga takarda ta farko da bakin iyaye, ga ta biyu ta saɓa mata. Dole kowane uba ya zo ya tabbatar da adadin 'ya'yansa ya dangwala yatsa. Ya leƙa taga ya ga direbansa, ya ce a fara da shi.

Malam Ilu ya shigo ya cire takalmi, ya tsaya da hula a kai, hannu a baya. Ni ne tafinta.

"Malam Ilu, manaja yana tambaya, 'ya'yanka nawa?"

"Ranka ya daɗe, ai na faɗa wa akawu."

"Ya ce ka sake faɗa."

"Uku na faɗa."

Mai Lofe ya ɗaga hannuwa sama, ya dube ni. Na dubi Malam Ilu, na ga gumi yana bin gefen fuskarsa a ɗakin da fanka ke juyawa. Ya san abin da kalma ɗaya za ta saya wa yaron, ya kuma san ba za ta fita daga bakinsa ba. Wallahi tausayinsa ya kama ni.

Sai Madam ta taso daga bakin ƙofa da doguwar takardar da kwamfuta ta buga. Ta shimfiɗa ta a tebur, ta ɗora yatsa a kan layin gidansa.

"Malam Ilu, ba kai ake tambaya ba yanzu. Injin nan ne ya yi ƙirga, ya ce gidanka huɗu ne. Abin da manaja ke son ji, kana da ja da inji?"

Ya dubi takardar da ba ya iya karantawa. Ya daɗe yana dubanta. Sai na ga gefen bakinsa ya motsa.

"Madam, ni direba ne. Injin da aka kawo tun daga Ingila, in ya ce huɗu, ni wane ne da zan yi musu da shi?"

Na fassara wa manaja cewa ya tabbatar. Ya dangwala yatsa. Kafin azahar magana ta zaga kwatas, magidanta suka yi layi, kowa ya shigo ya ce shi ba ya jayayya da inji. Ba wanda ya ambaci suna, ba wanda ya faɗi adadi. Wasiƙar da ta tafi Ikko ba ta fasawa ba ce, aji kuwa ya buɗe bayan sallah.

A nan na tsaya na ce wa Fahad, kalmar nan taka tana faɗa maka abin da aka zuba ne, ba abin da ke akwai ba. Rubuta ta minti ɗaya ne. Sanin wa ya cika jerin, a gaban wa aka tambaye shi, da wanda ya yi nauyin baki a kansa, wannan shi ne sana'ar. Na kuma tuna musu abin da Nura ya koya musu da safe, cewa a yaren kwamfutar da suke koyo na farkon jeri a gurbin sifiri yake zama, shi ya sa in ka ɗauki lambar gurbin ƙarshe a matsayin tsawo sai ka yi giɓin ɗaya. Na ce ku riƙa tunawa da Lawal. Ba a kiran lambarsa, amma yana cikin ƙidaya.

Wata yarinya a baya, Amira, ta ɗaga hannu. "Baba, to yaron ya yi karatun?"

Ya yi. Amma akwai abin da ban gaya musu ba sai da ta tambaya. Ranar da aka buɗe ajin, Malam Ilu ya tare ni a bakin ƙofa, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce ko akwai ragowar katin nan na wancan yaron, wanda ba a bukata. Na shiga na huda masa sabo, na kawo. Ya juya shi gaba da baya, ya ga ba rubutu sai ramuka. Ya ce, "Yana ciki?" Na ce yana ciki. Ya sa a aljihun gaba ya tafi, bai ko yi godiya ba, ni ma ban nema ba.

Shekaru suka shuɗe. Kamfani ya naɗe tabarmarsa, Madam Rifkatu ta koma Wusasa, can ta rasu, na je jana'izarta na tsaya a bayan coci ina kuka kamar yaro. Kati ya zama tarihi. Wata rana, bayan na yi ritaya, ina zaune a ƙofar gida sai ga mota ta tsaya, wani dattijo mai furfura ya fito ya durƙusa ya gaishe ni. Lawal ne, ya zama injiniyan ruwa, har ya aurar da 'ya'ya. Ya ce mahaifinsa ya rasu watan jiya. Da suke kwashe kayansa suka sami wani abu a cikin jakar fatar da yake ajiye lasin tuƙi, an naɗe da leda. An zaci laya ce, aka kai wa malamai, suka ce ba su san wannan hatimi ba. Mahaifiyarsa ce ta ce a kawo mini.

Ya miƙo. Katin ya yi laushi, ya yi launin ƙasa, gefensa duk ya cinye saboda taɓawa.

"Baba Garba, ka san Malam har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba. Ko a asibiti, wancan yake cewa. Ban riƙe shi a zuci ba, na san al'ada ce. Ina dai son in san mene ne wannan da ya fi lasinsa samun kulawa."

Na aika aka ɗauko mini tabarau. Na ɗaga katin ga hasken rana, ramukan suna nan garau, ba wanda ya toshe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ko da yake na san abin da ke ciki, don ni na huda.

Na ce, "Muhammadu Lawal Ilu. Shekara bakwai."

Ya karɓi katin da hannu biyu, ya mayar da shi cikin ledar, ya sa a aljihun gaba.